Injin jirgin ruwana ba ya tsayawa a silo

Tambaya: Malam, injina Yamaha mai doki 40 yana kakkarwa a silo, wato lokacin da yake kunne ban ba shi wuta ba, in na ba shi wuta sai ya riƙa tashi yana sauka. Mene ne maganinsa? Masunci, daga Yawuri.

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka taɓa kafireta tukuna. Duba murfin tanki, ƙaramar kafar iskarsa a buɗe take? Matsa ƙwallon robar tiyon mai. In ya ƙi tauri, mai yiwuwa tiyon yana shan iska, hakan kuwa yana kawo hawa da saukar. Zuba man a kwalba, in akwai ruwa a cikinsa zai kwanta ƙasa. Man jarka ne ya fi ba ni wannan matsalar, wallahi. In duk lafiya, a wanke ƙaramin jet na silo, wato 'yar kafar da mai ke bi a cikin kafireta, a canja fulogi.