Hoto guda zai ba ni indeks na ƙwayar jini?

Tambaya: Salam Malam. Ni ɗalibar fiziks ce a Gusau, furojet ɗina kan auna rifraktib indeks (ma'aunin yadda abu ke rage saurin haske yana lanƙwasa shi) na jajayen ƙwayoyin jini ne, ba mu da intaferomita (na'urar da ke haɗa haske biyu don yin awo) sai maikiroskop da kyamara da allon LED. Wani ya ce hoto guda ya isa, inda ya fi duhu nan indeks ya fi yawa, har maleriya ana ganewa. Lokaci ya matse ni, hankalina a tashe yake.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗiyata, kwantar da hankalinki, kayanki sun isa. Ki riƙa kunna LED ɗaya-ɗaya kina ɗaukar hoto ta kusurwoyi da yawa, sannan kwamfuta ta yi ta gyara hasashenta na indeks ɗin har ya dace da hotunan. Tushen lissafin na masanin fiziks Emil Wolf ne tun 1969, masu bincike Tian da Waller kuma sun yi shi da allon LED a 2015. Cikin hanyoyin sauƙaƙa lissafin guda biyu, Rytov da Born, ki ɗauki Rytov, ƙwayar jini ta yi wa Born kauri.

Amma wanga zance na duhu, wallahi ya ishe ni, kullum sai na ji shi. Kyamara ƙarfin haske kawai take gani, fes ɗin, wato jinkirin da haske ya samu da ya ratsa ƙwayar, ya ɓace, alhali labarin indeks a cikin fes yake, ko shi ɗin ma indeks ne haɗe da kauri, to ta yaya hoto guda zai raba miki su? Ki ɗan juya fokas kaɗan ki gani, wurin da ke da duhu sai ya koma fari, shin indeks ɗin ne ya canza cikin daƙiƙa guda? Ga himogulobin da ke shanye shuɗi da koren haske, wannan duhun daban ne. Abin da ya fi ɓata min rai masu ɗora hoton a waya su fente shi da kala su ce ga maleriya, mutum ya tafi gida da zazzaɓi an ce masa lafiya lau. Ku ji tsoron Allah, mai zazzaɓi asibiti zai je a yi masa gwajin jini.

Kafin ki taɓa jini ki gwada da ƙwayar robar folistirin mai indeks 1.59 cikin man maikiroskop mai indeks 1.52. Jar ƙwayar jini wajen 1.40 take, ruwa 1.33. In kin ga siffar ta miƙe ta tsaye kuma lambar indeks ɗin ta ɗan yi ƙasa, ƙarancin kusurwoyin ɗaukar hoto ne, ki rubuta hakan ƙarara a rahotonki.