Dillali ya kawo min bijimin Firiziyan, in saya ko in bari?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ina kiwo a gefen Mai Wurno a jihar Sinnar ta Sudan, garken duk shanun gida ne, Kenana da 'yan Baggara, kuma ciyawa kaɗai suke ci, ba ni da ƙarfin sayen dusa da ambaz (tunkuza). Shanun ba sa cika ido, wasu sai sun yi shekara biyu kafin su sake haihuwa. Wani dillali ya ce in sayar da karsana biyu in sayi bijimin Firiziyan, wai maruƙansa za su ninka nawa nama. Hankalina bai kwanta ba, domin jarina ke nan gaba ɗaya.

Amsa: Wa alaikumus salam Malam. Kada ka taɓa karsanan nan.

Wannan magana ta "ƙaton bijimi, ƙaton nama" ta ishe ni, kullum sai an zo min da ita, galibi bayan an riga an yi asara. Firiziyan saniyar madara ce, an gina ta a sanyin arewacin Holand da Jamus. Zafi yana fara takura mata tun daga wajen digiri 25, mu kuwa a Sinnar watan Afrilu da Mayu sama da 40 muke sha. Ka duba ruwa-biyun Firiziyan da rana tsaka a bazara: yana laɓe ƙarƙashin bishiya, baki buɗe, yawu na zuba, Kenana kuwa na can tana kiwonta. Wanda bai ci ba ta ina zai yi nama?

Sai lissafin ciki. Saniya tana cin busasshen abinci kusan kashi 2.5 cikin ɗari na nauyinta a rana. Mai kilo 300 tana neman kilo 7 da rabi, mai kilo 500 tana neman 12 da rabi. Idan damina ta ɗauke a Oktoba, ciyawa ta koma karmami, a ina za ka samo mata wannan? Babbar ce ke fara ramewa, ramammiya kuma ba ta karɓar barbara. Dillali ba zai gaya maka haka ba, la'adarsa yake jira.

Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne kaska. Zazzaɓin tailariya, wanda wata irin kaska mai suna Hayaloma ke yaɗawa, shanunmu na gida suna ɗan jure masa, amma maruƙan da ke da jinin waje kwasar su yake yi. Za ka ga kaluluwa ta kumbura a gaban kafaɗa, ido ya yi fari, jiki zafi rau. Maganinsa na gaskiya shi ne bufarbakon, yana da tsada, kuma sai an yi shi da wuri. Maimakon haka sai a kira mai jakar allurai na ranar kasuwa, ya danna wa maraƙi duk abin da hannunsa ya kai, ya karɓi kuɗi ya hau babur. Ku ji tsoron Allah, dabba ma amana ce! Ban ma shiga batun ƙaramar karsana da ƙaton maraƙi ya maƙale mata wajen haihuwa ba.

Gyaran yana cikin garkenka. Ba banza aka kafa tashar bincike ta Um Banein kusa da Sinja tun 1957 a kan Kenana ba. Ka riƙa rubuta haihuwar kowace saniya. Wadda ke haihuwa a kai a kai, ta fita rani da sauran tsoka a ƙugu, ita ce uwar garke, ɗanta za ka bari ya zama bijimi. Wadda ta tsallake damina biyu ba ciki, kai ta kasuwa komai kyan ƙahonta. Ka daina sayar wa mahauta mafi kyan bijimi kana barin ragowa yana barbara, sauran mazan a fiɗiye su. Idan 'ya'yan bijimin mata sun isa barbara, ka yi musanyar bijimin da na wani garke.

Ɗan kuɗin da ke hannunka kuma, zuba shi a karan dawa tun da kaka yana araha, da gishirin lasa, da maganin kaska, ka fara ciyar da masu shayarwa kafin kowa.