Littafina ya fito da kurakurai, ta ina zan fara gyara?

Tambaya: Malam, na buga littafin labari mai shafi 180, ya riga ya shiga kasuwa, sai makaranta suka fara nuna mini kurakuran rubutu. Yaya zan tsince su duka kafin bugu na biyu?

Amsa: Malama, da farko ki rabu da allon kwamfuta. Ɗauki kwafi ɗaya da jan biro da rula, ki bi layi-layi kina karantawa a bayyane. Idon marubuci yakan ga abin da ya yi niyyar rubutawa ne, shi ya sa kuskure ke wuce shi. Kada ki zarce shafi 15 a zama ɗaya. Duk abin da kika gano, rubuta shafi da layi da kuskuren da gyaransa, ki haɗa har da waɗanda masu karatu suka nuna miki.

Bi ɗaya ba ya isa. Na farko ki ware shi ga haruffa masu ƙugiya, don a nan ma'ana take juyewa: ƙafa da kafa, ƙarya da karya, ɗaki da daki. Sau da yawa ma ba laifin marubuci ba ne. Idan aka buɗe fayil a kwamfutar maɗaba'a da salon haruffan da ba shi da ɓ, ɗ, ƙ, sai su koma akwati ko su sauya kama. Maganinsa a miƙa PDF da haruffan a cikinsa.

Bi na biyu na raba kalma da haɗe ta ne, kuma a ganina nan ne littattafanmu suka fi rauni. "Ita ce" daban, "itace" na murhu daban. "Ya ba ta" idan aka haɗe ya zama "bata", mai karatu ya ɗauka ɓata ake nufi. "A kan tebur" a rabe, "akan yi haka" a haɗe. Ana haɗe "suna", "suka", "gidanmu", "naka", ana raba "za ka", "ba ni", "shi ne". Inda kika yi shakkar kalma, duba Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006.

Sai na uku: jinsi, kamar "ne" da "ce", da sunayen taurari, kada Hafsa ta koma Hafsat a tsakiyar labari.

Ki kiyayi umarnin sauya kalma gaba ɗaya a Word. Idan kika ce duk "kasa" ta koma "ƙasa", kin lalata "ya kasa tashi". Ki duba su ɗaya bayan ɗaya.

Wajen shigar da gyara, a yi ƙoƙari kada layuka su gusa zuwa wani shafi. Faranti ɗaya, wato faifan da injin maɗaba'a ke buga rubutu da shi, na ɗauke da shafuka da yawa, don haka gyaran da ya tsaya a shafinsa farantinsa kaɗai zai ci. Bayan an gyara, a fitar da samfuri a ba wanda bai taɓa karanta labarin ba, domin garin gyara ma ana shuka sabon kuskure.

Kwafin da suka rage a hannu kuwa, idan sakin layi ne ya ɓace ko ma'ana ta sauya, a buga 'yar takardar gyara a saka a farkon kowanne. Ƙananan kurakurai su jira bugu na biyu.