Manhajata ta ƙi buɗe adireshin http, ina mafita?

Malam, wannan "Cleartext HTTP traffic not permitted" da ka ce manhajarka na nunawa ba lalacewa ba ce fa, da gangan aka toshe. Tun Android 9 a 2018 duk manhajar da aka gina kan API 28 (lambar Android 9 a wajen masu gina manhaja) zuwa sama http a rufe yake, Apple ma tun iOS 9 a 2015 suka kawo nasu tsarin toshe http ɗin, ATS (App Transport Security). Dalili kuwa http a tsirara yake tafiya, wanda kuke kan wayifai ɗaya zai iya karanta fasuwod ɗin mutum ko ma ya canza amsar da saba (server, kwamfutar da manhajar ke magana da ita) ta turo.

Za ka ji ana cewa ka sa usesCleartextTraffic="true" a manifest (fayil ɗin saitunan manhajar), eh zai yi aiki amma ka buɗe wa kowane adireshi ƙofa ke nan, ni dai ba na goyon baya. Sa wa sabarka https kawai, wato http mai ɓoye bayanai, ƙungiyar Let's Encrypt kyauta suke ba da satifiket ɗin da ake buƙata. In kuma gwaji kake a emulator (wayar gwaji ta cikin kwamfuta), yi fayil ɗin network_security_config.xml ka ƙyale 10.0.2.2 kaɗai, wato adireshin da emulator ke samun kwamfutarka da shi, ka bar shi a ɓangaren debug (na gwaji) kar ya bi ka har Play Store.