Amsar tambayarki a kan maganar 'yancin mata

Wa alaikumus salam ɗiyata, ya karatu, ya zafi. Saƙonki ya iso, ban amsa da wuri ba don ba magana ce ta layi biyu ba. Kin ce a ɗakin kwananku na jami'a kun rabu biyu, wasu na cewa feminizim ɗin nan kafirci ne da turawa sunka kawo don su raba mu da addini, wasu kuma na cewa al'adarmu bauta ce anka ɗora ma mace, sai an daidaita ta da namiji a komi. Ke kuma kina tambayata wai shin a al'adarmu mace na da ta cewa ko babu, kuma don mi in mace ta buɗe baki sai a ce mata haka munka taras.

To ni dai ba ni tare da kowane ɓangare ɗari bisa ɗari. Kukan da ƙawayenki ka yi gaskiya ne, ana cutar mata a ƙasag ga, wanda duk yac ce ba a yi to bai shiga cikin gida ba. Amma mafi yawan abin da ke ci musu rai ba addini ne ya kawo shi ba, haƙƙi ne da Allah ya riga ya ba mu tuntuni, al'ada da son zuciya sunka zo sunka danne shi, kuma anka bar mu cikin jahilci don kar mu san namu ne.

Bari in fara da gidanmu tun da shi nis sani. Da kakanku yar rasu, Allah ya jiƙan shi, ya bar gida da gonar tudu da fadama inda aka albasa. Dattawan dangi sunka zauna sunka ce mata ba su gadon gona, wai in an ba mu za mu kai ta gidan wani, sai anka kawo muna ɗan kuɗi a ƙulle anka ce mu yi haƙuri. Mun yi shiru shekaru don kunya, kuma wallahi har cikin zuciyarmu wasunmu sun ɗauka hakan ne shari'a. Sai da wani malami makwabcinmu yaj ji labari, yat tara 'yan'uwanmu maza yac ce musu duk buhun da kunka ɗauko daga fadamar nan akwai haram a ciki, sannan anka sake rabo. Mahaifinki na cikin waɗanda sunka fara amsawa, Allah ya saka mishi. Babu inda Alƙur'ani yac ce kason mace a kuɗi ne kawai ban da ƙasa, duk abin da mamaci ya bari, gona ne, gida ne, shanu ne, tana da rabonta ciki.

Kuma maganar da aka yawan jifa da ita, cewa namiji na ɗaukar biyu mace ɗaya, e haka ne tsakanin ɗa da ɗiya, yana cikin Suratun Nisa'i kuma ni ban da ja a kai. Amma ki ce ma ƙawayenki su karanta babin gado har ƙarshe. In mamaci ya bar ɗa namiji, uwar mamacin da ubanshi kowa sudusi zai ɗauka, wato kashi ɗaya cikin shida, ba bambanci. 'Yan'uwa na wajen uwa in sun yi yawa sulusi, wato kashi ɗaya cikin uku, suke rabawa daidai, mace da namiji. Ɗiya in ita kaɗai ce rabin dukiya nata ne. Sannan shi mai kaso biyun an ɗora mishi ci da sha da sutura da wurin kwana na matarshi, da sadaki, ita kuma nata nata ne ko kwabo ba a wajabta mata ta kashe ma miji ba. Inda cutar take shi ne namiji ya amshe biyun kuma ya ƙi ɗaukar nauyin, ƙanwarshi na zawarci da yara yana kallo. Wannan kam a yi ta faɗa da shi, ni ma ina ciki.

Ki duba saki. Yau mutum zai yi fushi a kan miya ya rubuta takarda, kafin magariba an ɗora kayanta a mota. Ayar farko ta Suratuɗ Ɗalaƙ cewa tay yi kar a fitar da su daga gidajensu, mace ta yi iddarta ɗakinta yana ciyar da ita, don ko Allah zai sa su shirya. Mu kuma al'ada ta ce abin kunya ne ta zauna gidan da anka sake ta, har iyayenta ne za su aiko ta taho. Sai maganar yara, da an yaye yaro dangin uba su zo su ɗauke, ita ta bi su da kuka. Ki buɗe Risala, littafin fiƙihu, wadda ake karantawa a kowane zaure a garin ga, riƙon yaro bayan saki na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare, in uwar ta yi wani aure riƙon ya koma hannun kaka ta wajen uwa, uban kuma shi ke ciyarwa. Mazhabarmu ta Malikiyya ce fa wagga, ba daga Amurka taz zo ba. Sadaki ma haka, na amarya ne, amma nawa ne cikinsu sunka taɓa ganin shi da ido, sai a ce an saka cikin kayan ɗaki.

Auren dole ba zan ɓoye miki ba, a Malikiyya uba na da ikon aurar da ɗiyarshi budurwa, uba kawai ko wanda yay yi ma wasiyya, ba baffa ba ba yaya ba, kuma ba don ya cutar da ita ba. Amma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, ya ce a nemi izinin budurwa, kuma da Khansa'u 'yar Khidam taz zo mishi da ƙarar ubanta ya aurar da ita tana bazawara ba da sonta ba, warware auren yay yi. Matar Sabitu ɗan Ƙaisu ta ce ba ta iya zama da shi, ta mai da mishi gonarshi anka raba su, shi ne hul'i. Wanda ke ganin ƙaramar yarinya ta isa komi, ya leƙa wurin masu yoyon fitsari a Asibitin Maryam Abacha nan cikin gari, ya ga waɗanda naƙuda ta daɗe musu ba a kai su asibiti da wuri ba, da yawa kuma mazan sun gudu sun bar su da uwayensu.

Abin da ke ba ni takaici da ku 'yan Sakkwato shi ne kuna neman hujja a waya alhali tana Hubbare, inda kabarin Shehu Usmanu yake. Tun Shehu Usmanu na yawon wa'azi kafin jihadin 1804 mata ke zuwa majalisinshi, har wani malami ya soke shi a kan haka, ƙanenshi Abdullahi ya mai da amsa da waƙa, cewa barin su cikin jahilci ya fi muni. A littafinshi Nurul Albabi Shehu ya yi ma malaman zamaninshi faɗa sosai, masu karantar da ɗaliban waje don a yabe su, sun bar matansu da ɗiyansu ba su san ko tsarki ba. Ya gargaɗi mata da kar su saurari mai ce musu aljannarsu na ga bin miji kawai bai ce musu su bi Allah da Manzonshi ba, har ya ambaci girki da wanki cikin ayyukan da aka ɗora musu don son kai. Kuma bai ce kar a bi miji ba, a bi shi cikin abin da ba saɓon Allah ba. Yau in yarinya ta rubuta rabin wannan a Facebook za a ce an ba ta kuɗi daga waje.

Ɗiyarshi Nana Asma'u, an haife ta 1793 ta rasu 1864, matar Waziri Giɗaɗo, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, kuma ba ta tsaya kan matan birni ba. Ita ta kafa 'Yan Taru. Takan zaɓi dattijuwa mai hankali daga ƙauye ta naɗa ta jaji, ta ɗora mata malfa da jan rawani, jajin ta jawo tsofaffi da 'yan mata a ƙasa su zo su ɗauki karatu cikin waƙa, don waƙa ta fi zama a ka ga wanda bai iya rubutu ba, su koma su koya ma matan aure da ba su samu fitowa ba. Da ta rasu ƙanwarta Maryam ta ci gaba. Nana Asma'u ta fara duk wagga ne tana matar aure cikin lulluɓinta, kuma malamai maza na girmama ta suna rubuto mata. To wanda zai ce miki karatun mace ba al'adarmu ba ne, ki tambaye shi al'adar wa yake nufi.

Na boko ma an sha wuya kafin ku same shi a sauƙaƙe. Matan arewa ba su samu jefa ƙuri'a ba sai 1976, na kudu sun riga mu da shekaru, kuma Hajiya Gambo Sawaba ta NEPU ta sha ɗauri da duka a kan haka. Bayan taron mata na duniya da anka yi a Bejin a 1995 duk macen da ta yi magana sai a ce 'yar Bejin ce, kamar dai yadda yanzu aka ce muku 'yan feminis. Amma tun 1985 mata musulmi sunka kafa ƙungiyarsu ta FOMWAN a Minna, suna buɗe makarantu da asibitoci da hujjar addininsu, kuma an saurare su. A 2016 da anka kai ƙudurin daidaiton jinsi majalisar dattawa bai wuce ba, Mai Alfarma Sarkin Musulmi ma ya fito ya ce musulmi ba su yarda a taɓa rabon gado ba. Ni na so a ce an cire abin da ya ci karo da nassi an bar sauran, irin kare mata masu takaba da karatun yara mata. Ga shi a 2021 jiharmu ta sa hannu kan dokar hana cin zarafi da ta kare yara, addinin kowa bai ragu ba.

Inda nike rabuwa da wasu ƙawayenki shi ne zagin maza jimla da raina aure, da ganin duk matar da ta zauna gida ta yi asarar rayuwa. Uwayenmu da ke cikin kulle suna da sana'a, fura, ƙuli-ƙuli, saƙa, kiwon jar akuya, suna adashi, kuma kuɗinsu nasu ne, maigida in ya ranta sai ya biya. Mace ba ta sauya sunan ubanta don ta yi aure. In ta haihu ga wankan jego ga masu kula da ita kwana arba'in, in an ɓata mata ta yi yaji a zo biko, kuma a zaman bikon nan ake gaya ma miji gaskiya gaban manya. Waɗannan duk al'ada ce, ba ni son ku zubar da su don haushin munanan. Samarinku kuma in ɓera na da sata daddawa ma na da wari, yaro bai iya ciyar da kanshi ba amma ya haddace ayar mata huɗu da hadisin sujada ga miji, bai taɓa jin cewa Annabi na taimakon iyalinshi aikin gida ba, kuma mafi alherinku shi ne mafi alheri ga iyalinshi. Su ma laifinmu ne mu uwaye, mu ke hana ɗa namiji ɗaukar tsintsiya, ƙanwarshi na talla shi yana ƙwallo.

Ke dai ki haɗa karatunki na jami'a da na zaure, ki nemi malama ta biya miki babin aure da saki da gado a Risala, don ranar da za a ce miki haka munka taras ki san ko nassi ne ko son rai. Kuma yaron da mamanki tac ce min yana zuwa wurinki, kar ki bari sai an ɗaura sannan a fara gardamar ko za ki ƙare digiri ko za ki yi aiki. Ki gaya ma babanki tun yanzu a yi maganar gaban waliyyai da shaidu, in da hali a rubuta, in ya ce bai yarda ba gara ki sani yau. In kin ji nauyin babanki ki bar min, ni zan same shi. In an yi hutu ki taho da ƙawayen naki duka biyun, masu cewa kafirci ne da masu cewa bauta ce, ina son in ji su da kunnena. Ki gaida mamanki.