Amsa ga 'yar uwar da ta ce alayyahunta kullum lami yake fitowa

Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya raba lafiya. Kin ce a wajen awo an gaya miki jininki ya yi ƙasa, ki yawaita cin ganye, amma duk sanda kika dafa alayyahu sai ya fito lami, ruwa tsululu, maigida ya ɗan taɓa ya ture, yara kuma su tsince ganyen su tara a bakin faranti. Na ga wasu sun ce ki ƙara magi. Ba a nan gizo ke saƙar ba.

Alayyahu ganye ne mai ruwa a jiki, kuma ba shi da wani ɗanɗano mai ƙarfi nasa na kansa kamar yakuwa ko zogale. Abin da ya tarar a tukunya shi yake ɗauka. Saboda haka miyar ki gama haɗa ta tsaf, ta yi daɗin da za a iya cin tuwo da ita ko babu ganye, sannan alayyahun ya shigo a ƙarshe, ya ɗan sha zafi ki sauke. Yawancin waɗanda ke kuka da shi, tun farko suke zuba shi tare da kayan miya su bar shi yana ta tafasa, ya sake ruwansa, ya koma baƙi-baƙi, ya yi warin ciyawa.

Tun daga wurin mai kayan gwari ake fara gyara. Ki duba mai ƙananan ganye, wanda in kin karya karansa zai ɓalle ƙas. Wanda ya fara fitar da kai ya tsufa, yana da zare da ɗan bauri. In kina Kano kuma kina iya sammako zuwa 'Yankaba, wanda aka sauke da safe daban yake da wanda ya wuni a rana ana yayyafa masa ruwa. Wanki kuma kafin yanka ake yi, ba bayan yanka ba. Ki cika roba da ruwa, ki ɗan barbaɗa gishiri, ki girgiza ganyen a ciki, sai ki tsamo shi da hannu zuwa wata robar. Kada ki tsiyaye ruwan ta kansa, yashin da ya kwanta a ƙasa zai koma jikinsa. Ki yi ta canza ruwa har ki shafa gindin robar ki ji babu ƙasa. Daga nan ki baza shi a kwando ya tsane sosai. Wannan tsanewar kada ki raina ta, rabin ruwan da kike gani a miya ruwan wanki ne.

To ga yadda nake miyar. Manja a tukunya, albasa mai yawa, fiye da yadda kike zato. Ki bar ta ta yi laushi har gefenta ya fara ja, a nan zaƙin miyar yake. Sai daddawa dakakkiya, a cikin man take shiga ba a cikin ruwa ba. In ta soyu warinta yakan tafi ƙamshin ya zauna. Sai jajjagen attaruhu da tattasai, da 'yar citta da tafarnuwa. Tumatir kaɗan ko ma babu, domin shi ma ruwa ne, kuma tsaminsa yana dusar da koren ganye. Yarbawa da suka ƙware a miyar ganyen nan tasu, efo riro, da yawansu ba sa sa tumatir sam, tattasai da daddawarsu ta iru da busasshen kifi suke dogara da su, kuma ni a ganina sun fi mu gaskiya a nan. Ki soya har man ya taso sama ya rabu da kayan miyan. Sannan ki sa kifin banda da kika jiƙa a ruwan zafi kika cire ƙaya, ko ganda, ko naman da kika riga kika dafa, da romo ludayi ɗaya kacal. Ki ɗanɗana. Gishiri da magi a nan za ki daidaita su, har ya ɗan fi yadda kike so kaɗan, saboda ruwan ganyen zai sassauta shi. Kada ki barbaɗa gishiri a kan tulin ɗanyen ganye kina auna shi da ido; tulin nan zai koma ɗan mitsitsi, gishirin kuma yana nan.

Yanzu ki zuba alayyahun, ki juya, kada ki ƙara ko ɗigon ruwa, kada ki rufe ruf. Minti 3 zuwa 5 ya isa. Za ki ga ya kwanta, ya yi kore shar yana sheƙin mai. Ki sauke a lokacin, zafin tukunya zai ƙarasa.

Kanwa kuwa, don Allah ki bar ta. Na san iyayenmu suna sawa don ganye ya yi kore, kuma yana yi ɗin, amma tana sa shi ya yi lugub ya yi santsi, tana kuma kashe wani ɓangare na amfanin da kike nema a jikinsa.

Abu na biyu da ke tayar da alayyahu shi ne tsami da gyaɗa. Dubi miyar taushe: kabewa ta dahu ta narke, markaɗaɗɗiyar gyaɗa ta ba ta kauri, sai alayyahu da 'yar yakuwa tafin hannu ɗaya. Yakuwar nan ce ke farkar da harshe. Ban taɓa ganin yaron da ya tsince ganye daga taushe ba in an haɗa masa da waina ko tuwon shinkafa. Ga kuma kwaɗo, wanda ni na fi so da yamma. Ki turara ganyen ko ki tsoma shi a tafasasshen ruwa na minti 1, ki tsamo, ki matse da hannu sosai. Ki daka ƙuli-ƙuli da yaji, ki yanka albasa da tumatir ɗanye, ki zuba ɗan soyayyen man gyaɗa, ki matsa lemon tsami, ki cakuɗa. Ƙulin ya zama mai ɗan tsaki-tsaki, kada ya yi laushi kamar gari, don a ji shi a haƙori.

Sauran hanyoyin ba su da wuya. A dafa-duka ko taliya, sai ruwa ya tsotse ki watsa yankakken ganye a sama, ki rufe ki kashe wuta. A faten wake da faten tsaki haka nan, shi ne na ƙarshe. A wainar ƙwai ki fara ɗan soya shi da albasa ruwansa ya fita kafin ki zuba ƙwan, in ba haka ba wainar za ta jiƙe. Ga yaran da suka ƙi ganin kore, ki yanka shi siriri ƙwarai a cikin ƙullun alale. Soyayyar awara ma in kin jefa ta a miyar nan ta farko tana shan man da yajin, tana tsaya wa nama in aljihu ya yi nauyi.

Tunda maganar jini ce ta kawo ki, ki riƙe wannan. Sinadarin ƙarfe da ke cikin ganye, wanda jiki ke buƙata don haɗa jini, jiki ba ya zuƙarsa da sauƙi kamar na nama da hanta da kifi. Abin da ke taimakawa shi ne a ci ganyen da abu mai tsami irin lemon tsami, lemon zaƙi ko tumatir ɗanye, ko a haɗa shi da ɗan nama ko kifi a kwano ɗaya. Shayi kuma yana rage wa jiki zuƙar sinadarin, don haka ki ba da tazara tsakanin cin abincin da shan shayi. Kuma ganye ba ya maye gurbin ƙwayoyin ƙarin jini da aka ba ki a asibiti, ki ci gaba da shan su yadda aka ce. In akwai mai fama da tsakuwar ƙoda a gidan, a tsoma masa ganyen a ruwan zafi a zubar da ruwan kafin a dafa, kuma kada ya yawaita sai ya ji ta bakin likitansa.

Miyar alayyahu ba ta son ɗumame, kowane maimaici yana ƙara kashe ta. Abin da nake yi, in soya kayan miyan da yawa in ajiye, kullum in ɗebi na ci ɗaya in sa sabon ganye. In kin sayo da yawa kuma, kada ki wanke sai za ki dafa, ki naɗe shi a ɗan tsumma mai laima ki sa a inuwa. In unguwarku ana samun wuta, ki tsoma shi a ruwan zafi, ki matse, ki dunƙula ƙanana-ƙanana ki sa a firiza, duk sanda kike so ki jefa ɗaya a tukunya.