Tashar taka ce, ko ta ɗan kawunka?

Wani matashi daga Garin Malam, nan cikin Damagaram, ya aiko mini da tambaya. Shekara uku ke nan yana zana katun da wayarsa: gajerun bidiyon barkwanci da Hausa, da wani labarin zane da yake saki shafi-shafi a Facebook kowace Juma'a. Tasharsa ta YouTube ta haura mabiya dubu 40. Lokacin buɗe ta an ce masa kuɗin talla ba sa fitowa daga Nijar, sai ɗan kawunsa da ke Kano ya buɗe ta da imel ɗinsa da lambar wayarsa da asusun bankinsa. In ya ce kuɗi sun shigo, yakan turo masa jika 30 na sefa, wani lokaci jika 50. Yanzu yana tambaya ko ya sayar da babur ɗin da yake kabu-kabu da shi, ya ƙara da rance, ya sayi kwamfuta da allon zane na jika 600, ya kama zane gadan-gadan. Ya ce ya ga masu katun na Amurka har gidaje suke saya da wannan sana'a.

Ɗana, ajiye maganar kwamfuta tukuna. Ka cika takarda da farashin kaya, amma babbar magana ka wuce ta a layi ɗaya kamar ba komai ba. Ba ka da tasha. Ɗan kawunka ne yake da tasha, kai kuma kana yi masa zane.

A wurin Google, kamfanin da ya mallaki YouTube, mai tasha shi ne mai imel da lambar wayar da ake aika wa lambar sirri. Kuɗin talla ta AdSense suke bi, wato tsarin da Google ke biyan masu tasha da shi, da sunan mutum ɗaya da adireshinsa, kuma ana biya ne tsakanin 21 da 26 ga wata in abin da ya taru ya kai dalar Amurka 100. Duk wannan a hannunsa yake. A cikin YouTube Studio akwai shafin da ke nuna abin da kowane bidiyo ya kawo, rana-rana. Ka taɓa ganinsa da idonka? Da ka gani, da ka rubuto mini adadi, ba "jika 30, wani lokaci 50" ba. Sannan kuɗin nan daga dalar Amurka suke komawa naira, daga naira su koma sefa, ga naira tana ta tangal-tangal tun 2023. A kan wane farashi yake canza maka? Wa ya sani ban da shi?

Ban ce yaron nan yana cin kuɗinka ba. Wataƙila har kuɗin turawa daga aljihunsa yake biya. Amma na zauna a kan wata rigima da ba ɓarawo ko ɗaya a cikinta. Wa da ƙane ne, suna da babbar mota mai ɗaukar kaya zuwa Agadas. Ƙanen ne ya sa mafi yawan kuɗin, amma takardun mota sunan wan suka ɗauka, don girmamawa. Shekara da shekaru ba wanda ya ji kansu. Allah ya yi wa wan rasuwa, ya bar mata biyu da 'ya'ya. Da aka zo rabon gado sai motar ta shiga lissafi, tun da takarda ta ce tasa ce. Ƙanen ya yi rantsuwa, ya yi kuka, ba shaida, ba rubutu. Magadan ma ba zalunci suka yi ba, abin da suka tarar suka raba. Yau ƙanen yaron mota yake yi wa wani, kuma gidajen biyu ba sa gaisawa. Kai naka ma ya fi wannan sauƙin salwanta, don ba sai an mutu ba. A sace wayarsa a Sabon Gari, ko layinsa ya rufe, ko ku sami saɓani a kan wata maganar aure da ba ta shafi katun ba, shekara ukunka ta tafi.

Saboda haka kuɗin farko da za ka kashe na mota ne zuwa Kano. Kada ka yi wannan magana a WhatsApp, rubutu ba ya nuna fuska. Ka fara sanar da kawu, ka ce masa abin ya fara girma, kana son a tsara shi don kada ya ɓata zumunci gobe. Ku zauna a gabansa. A buɗe shafin kuɗi tun daga watan farko ku duba tare, ba da fuskar tuhuma ba. A sa imel ɗinka a matsayin mai mallaka. In tashar irin wadda ake kira Brand Account ce, wato wadda mutum fiye da ɗaya zai iya mallaka, bayan kwana 7 za a iya mayar da kai babban mai ita. In ba irin ta ba ce, a fara mayar da ita can. Kada ka yarda da matsayin manaja kawai, manaja ana cire shi da dannawa ɗaya. In dole kuɗin su ci gaba da bi ta bankinsa, a yanka masa kasonsa a fili, ko kashi 10 cikin 100 ne, a rubuta, shaidu biyu su sa hannu. In wani ya ce rubutu tsakanin 'yan'uwa rashin yarda ne, tuna masa cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka. In kuwa ya fara kame-kame, yau yana aiki, gobe ya manta lambar sirri, to ka sami amsarka, ka buɗe sabuwar tasha da sunanka tun mabiyanka suna jin kiranka. Ainihin zanen kuma ka adana shi a wuri biyu da kwanan watansa, ka nemi yadda za ka yi rajistar taurarin katun ɗinka a ofishin haƙƙin mawallafa na ƙasa, wato BNDA.

Maganar gidajen Amurka kuwa ta ishe ni. Katun mai motsi sosai yakan ci zane 12 a daƙiƙa ɗaya, wato 720 a minti guda. Tun 2012 YouTube ya koma fifita tsawon lokacin kallo, shi ya sa mai zama gaban kyamara ya yi surutun awa ɗaya yakan sha gaban wanda ya yi wata guda yana zana minti biyu. Daga kuɗin talla kashi 55 ne naka, kuma masu talla ba sa biyan kallon Damagaram da Kano yadda suke biyan na Amurka, ko kusa. Waɗanda kake hange, da yawansu ba talla ce ke riƙe da su ba. Littafi suke bugawa, su sayar da riguna, masoyansu kuma su biya su duk wata ta Patreon da katin banki. Cikin mabiyanka dubu 40, nawa ne suke da wannan katin? Moustapha Alassane, wanda duniya ta sani cikin magabatan katun a Afirka tun shekarun 1960, makanike ne tun farko, kuma otel yake riƙe da shi a Tawa yana fina-finansa a ciki har ƙarshen rayuwarsa a 2015. Shi bai saki abin da ke ciyar da shi ba, balle kai.

Kada ka sayar da babur. Kuɗin da ke kusa da kai yana wurin ƙungiyoyin da ke wayar da kai kan rigakafi da cizon sauro, da makarantu masu zaman kansu, da masu shaguna a Kasuwar Dole da ke son tallar daƙiƙa 30 da za ta zaga WhatsApp. Su ne za su biya ka da sefa, hannu da hannu. Ka karɓi rabi kafin alƙalami, ka faɗi sau nawa za ka yi gyara kyauta, in ba haka ba za su sa ka canza launin riga har damina ta wuce.

Ka sayi littafi, ka rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, har kuɗin data da cajin waya, na wata shida. In a ƙarshensu zane kaɗai ya kawo abin da babur ke kawowa, ka sayi kwamfuta ta hannu da ƙaramin allon zane daga ribar, ba da rance ba. Ka sake rubuto mini bayan ka dawo daga Kano, ka faɗa mini adadin da ka gani a shafin.